Dillalan zamani: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi

Jama'a, duk wanda ya saba zama ƙofar mangazar wani babban ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram da hantsi, ya san irin samarin da zan yi magana a kansu. Za ka ga yaro fes da shi, riga ta sha guga, takalmi ya sha ƙura, jaka a kafaɗa, salula a hannu, yana zaune bisa benci yana jiran Alhaji ya sallami baƙi. Saye bai kawo shi ba, roƙo kuma bai kawo shi ba. Ya zo ne ya ce wa mai dukiya: ranka ya daɗe, ba ni dama in tallata maka hajarka, in nemo maka masu saye, ka ba ni la'adata. Sau da yawa amsar da yake samu ba ta wuce kalmomi biyu: dawo gobe. In ya dawo goben, Alhaji ya tafi Kano. In ya dawo jibi, Alhaji yana ganawa da mutanen duwan. Ranar da aka dace aka saurare shi kuwa, sai a ce ya fara gwaji tukuna, a ga kamun ludayinsa, maganar kuɗi ta biyo baya.

Su dai suna kiran kansu da sunaye iri-iri na Faransanci da Turancin Ingila waɗanda ke da daɗin faɗa a fada wurin shan shayi. Ni kuwa dillalan zamani nake ce musu, kuma ba da raini ba, domin dillanci sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura cewa waɗannan yara sun faɗa tsakanin gida biyu. Ba su sami kariyar da dillalin gargajiya yake da ita a kasuwa ba, ba su kuma sami wadda doka ta ba ma'aikaci mai albashi ba. Kuma mu da ke karanta wannan jarida, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, mu ne iyayensu, mu ne kuma masu ba su aikin da hana su ladansa.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu tuna yadda aka yi aka zo nan. Akwai zamanin da yaro in ya gama lakwal ya fito da takardarsa, gwamnati ce ke nemansa, ba shi ke neman ta ba. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 sun riƙe wannan tsari har kasuwar ƙarfen ta faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, ƙofar aikin gwamnati ta fara ƙanƙancewa. Babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya kwance mana harshe, ya ƙarfafa jam'iyyu da jaridu masu zaman kansu, amma bai zo da aikin yi ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a waɗannan shekaru ba sa bukatar in tuna musu watannin da suka shuɗe babu albashi, da bashin da suka ci wurin mai kanti da mai gidan haya. Kafin ƙarnin ya ƙare, ita gwamnati da kanta ta koma ɗaukar malaman makaranta a matsayin ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi. To in mai hatimi da baitulmali ya ce ba ya iya ɗaukar nauyin ma'aikaci na dindindin, wane ne zai yi mamaki in mai mangaza ya bi sawunsa?

Ana cikin haka makarantu ba su daina yaye ɗalibai ba. A shekarar 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, ban da ta Abdu Mumuni da ke Yamai tun da daɗewa, ban da ɗimbin makarantun kuɗi masu koyar da lissafin kasuwanci da dabarun talla. Kusan rabin al'ummar ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, wato na bayansu sun fi su yawa. Sai kuma ga salula ta shigo tun farkon shekarun 2000, kamfanonin waya suka yi ta gogayya da juna, kamfanonin aika kuɗi suka buɗe rassa har ƙauyuka, kowa yana neman wanda zai shiga lungu ya jawo masa jama'a. Daga bisani Facebook da WhatsApp da TikTok suka mai da kowace waya ƙaramin kanti. Yaron da ya gaji da zaman kashe wando, ya gaji da jiran jarrabawar shiga aikin gwamnati wadda dubbai ke rububin gurbi kaɗan, sai ya duba ya ga abin da yake da shi bai wuce baki da ƙafa da waya ba. Da su ya fita neman abinci. Ni ban ga abin kunya a nan ba.

Yanzu mu waiwayi dillalin da muka gada. A kasuwar dabbobi, ko a Tawa ko a Dakwaro ko a Tanut, baƙon da ya koro shanunsa ba ya tsayawa ya yi ciniki da kansa. Yana sauka wurin maigidansa, a ba shi masauki da abinci, dillali ya shiga tsakani, a yi tayi, a yi albarka, a ƙara, har a kai ga sallama. La'ada sananniya ce tun kafin a fara magana, ba wanda ke jayayya a kanta, kuma a gaban mutane ake bayar da ita. In saniya ta fito ta sata ce, dillali za a kama, domin shi ne ya tsaya mata. In mai saye ya karɓa bashi ya gudu, maigida ne zai san yadda zai yi. Akwai kuma sarkin dillalai da dattawan kasuwa waɗanda ke raba gardama nan take. Wanda ya zagaye dillali ya je ya ƙulla ciniki a ɓoye da baƙon da aka haɗa shi da shi, kasuwa gaba ɗaya za ta ji, kuma zai daɗe bai wanke sunansa ba. Haka dillaliya take a cikin gari: tana ɗaukar zane ko kwano ko ɗan kunne daga gidan matan kulle ta kai wani gida, kowa ya san rabonta. Wannan tsari ne ya riƙe fataucin shanu da goro tun daga nan har Sabon Ibadan da zangunan Kumasi, ba da takarda ba, da amana da idon jama'a.

Kada kuma manyanmu na kasuwa su manta da nasu tarihin. Da yawa daga cikin gidajen arzikin Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, sun taso ne daga sayen gyaɗa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA su ne ke ba da jari, ɗan ƙasa ya shiga ƙauye da ma'auni ya tara musu gyaɗa, ya ci ladansa bisa yawan abin da ya kawo, kafin a kafa SONARA a 1962. Me ake kiran wannan in ba aikin la'ada ba? Bambancin kawai shi ne, a wancan zamani bara in ya yi wa ubangidansa hidima da gaskiya, ubangida yakan yi masa aure, ya ba shi jari, wata rana ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Yau an riƙe rabin al'adar, wato hidimar, an yar da rabin.

Bari in ba da labarin da na gani da idona, ba wanda aka ba ni ba. Ɗan ƙanwata ya gama jami'a, ya shekara biyu yana kai takardu ofis-ofis. Daga ƙarshe ya daidaita da wani mai shigo da kayan masarufi, wanda ba zan kama sunansa ba, a kan zai nemo masa masu kantuna a garuruwan da motarsa ba ta saba zuwa ba. Yaron ya ari babur, ya bi kasuwannin mako na wajen Tasawa da Mayahi da Gidan Rumji, ya zauna da masu tebur da masu kanti ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hoton kaya ya tura musu, ya buɗe musu zaure a WhatsApp inda yake sanar da farashi kowace safiya da murya, domin yawancinsu ba sa karatun boko. A lodin farko an ba shi la'adarsa cif, ya zo gida yana murna, har ya sayo wa uwarsa turmin atamfa. A lodi na biyu sai ya ji shiru. Ashe direban da ya kai kayan ya karɓi lambobin mutanen, yaron mangaza ya ci gaba da kiran su kai tsaye. Da ya je ya yi magana cikin ladabi, sai aka ce masa: "Ɗana, ai kai ka gama naka. Hanya ka nuna, an kuwa biya ka kuɗin nuna hanya. Ko so kake ka ci gadona ina raye?" Aka yi dariya, aka ba shi kuɗin mai. Da ya zo yana ba ni labari, abin da ya ce shi ne: "Kawu, ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba, dariyar ce."

Mutanen da ya ɗauki wata uku yana nema suna nan suna sayen kaya wurin wannan bawan Allah har gobe. Wannan ita ce babbar cutar sana'ar. Manomi in ya sayar da buhun gero, ya san ya rabu da buhu guda. Ɗan talla kuwa abin da yake sayarwa shi ne sanayya, ita kuwa sau ɗaya ake miƙa ta, mai karɓa ya yi ta ci shekara da shekaru.

Ba zan ce sana'ar duk ɗaci ce ba. Tana da kakarta. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa ƙaramar Salla, mai sukari da mai madara da mai shadda da tela duk suna neman wanda zai kai sunansu gaba. Kafin Layya masu raguna da masu kayan miya su karɓa. Watan Oktoba makarantun kuɗi na farautar ɗalibai, masu littattafai da jakunkuna na neman iyaye. Da kaka, in wake da riɗi da aya sun shigo, ko albasar Galmi ta fito ana loda ta zuwa Gana da Kwaddibuwa, yaron da ya san mai saye a waje yana iya samun abin da ma'aikaci ba ya samu a wata uku. Lokacin zaɓen 2020 da 2021 duk wanda ya iya haɗa hoto da rubutu ya sha romon ƴan takara. Wannan kasuwa ta mutu tun kafin a rushe jam'iyyu a watan Maris 2025. Na san waɗanda suka fara da tallar kilishi ko turaren wuta ko takalman fatar Damagaram a waya, yau suna da shagonsu da yaransu. Akwai ƴan mata da matan aure da suke ci da kansu daga cikin ɗaki, jikokin dillaliya ke nan, sai dai su ba sa ɗaukar ƙunshi a ka. Kuma akwai ƴancin da ke cikin abin: ba mai rubuta maka takardar tuhuma don ka makara, ba mai tura ka Bilma don ka saɓa wa shugaban ofis.

To amma bayan kaka akwai bazara, bayan Salla akwai watan da aljihun kowa ya bushe. Mu yi ɗan lissafi, misali kawai. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke a ƙasar nan ya tsaya a sefa 30.047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa jika 42 daga Janairu 2024. In muka ɗauka ana ba yaro kashi 2 cikin 100 na abin da ya sayar, sai ya sayar da kayan miliyan 2 da jika 100 a wata kafin ya kamo wannan mafi ƙarancin, kuma daga ciki ne zai sayi man babur, ya sa kuɗi a waya, ya ci abinci a hanya. In ya kwanta ciwo mako biyu, ba shi da komai. In babur ya kayar da shi a hanyar Madarunfa, asusun CNSS bai san da zamansa ba. Ranar tsufa kuwa, Allah dai ya kyauta.

Ga kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. Kasuwar kudancin ƙasar nan da iyaka take numfashi: Ɗan Isa da Jibiya, Ƙonni da Illela, Magarya da Matamai da ƙasar Daura. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sauka a kanmu har zuwa Fabrairu 2024, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, hanyar Kwatano ta toshe, abokan hulɗa da dama suka dakatar da ayyukansu, ƙananan kwangilolin wayar da kai da ke ciyar da samari masu yawa suka tafi tare da su. Naira kuma tun da aka sake ta a Yuni 2023 ta yi ta tangal-tangal, farashin safe daban na yamma daban. A irin wannan hali ma'aikaci yana da albashinsa ko da ya makara, ɗan kasuwa yana da kayan da ke cikin mangaza, waɗanda ma sukan ƙara daraja. Ɗan talla shi ne farkon wanda ake ce wa a dakata. Wa zai biya kuɗin tallar kayan da babu su?

Adalci ya sa in faɗi hujjar Alhaji, domin yana da ita. Ɗan kasuwarmu ya saba biyan abin da ake aunawa: buhu, katan, tan, yadi. Talla ba ta hawa sikeli. In ciniki ya ƙaru, ta yaya zai san hoton da yaro ya sa a Facebook ne ya jawo, ko kuwa azumi ne ya matso? Ya kuma ga ɗansa na cikinsa yana latsa waya dare da rana kyauta, sai ya ce don me zan biya bare? A wurinsa biyan kuɗi kafin a ga sakamako cinikin biri a sama ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware ta. Sun bambanta ijara, inda ake biyan mutum ladan aikinsa ko lokacinsa, da ji'ala, inda ake cewa in ka kawo abu kaza kana da kaza. Duka biyun halal ne, sharaɗin dai shi ne a san ladan tun farko. Abin da ba shi da gurbi a ko'ina shi ne a sa mutum aikin ijara, wato ɗaukar hoto da rubutu da yawon kasuwanni da amsa waya har tsakar dare, a ce za a biya shi ladan ji'ala, sa'an nan in sakamakon ya zo a ce ai dama kayan ne ke sayar da kansu. Wanda ke son ya biya bisa sakamako kaɗai, to ya yarda a ƙidaya sakamakon da gaskiya, ya buɗe littafinsa a gani.

Su ma samarin ba zan shafa musu mai a baki ba. A cikinsu akwai waɗanda suka ɓata wa sauran suna. Wani ya karɓi kuɗin somin-taɓi ya kashe waya. Wani ya ɗauko hoton shaddar da ba ita ce a shago ba, mai saye ya aiko kuɗi daga Agadas, abin da ya isa gare shi ya sha bamban. Wani ya sayi mabiyan bogi ya zo yana nuna wa Alhaji dubbai, alhali ko mutum goma na gaske babu. Wani ya sa abokansa su yi ta yabon kaya da taya farashi don a ruɗi mai saye, abin da shari'a ta sani da sunan najashi, ta kuma hana. Mafi muni su ne masu jan ƴan uwansu cikin tsarin nan na kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu, inda babu wata haja ta kirki sai kuɗin shiga da na ƙasa ke tara wa na sama. Gidaje nawa aka sayar da akuya da filin gado saboda wannan? Duk wanda ya ce maka sai ka biya kafin ka fara yi masa talla, kai ne hajar. Akwai kuma girman kai na takarda: yaro ya zo gaban dattijon da ya yi shekara 40 yana fatauci tsakanin Kano da Lome, ya dinga jefa masa kalmomin Faransanci, bai san kuɗin dakon buhu daga tasha zuwa kasuwa ba. In aka ce masa dawo gobe, wani lokaci shi ya jawo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, dokar da za ta raba wannan gardama tana nan, ba sai an ƙirƙiro ta ba. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA tun yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, kuma dokar kasuwanci ta bai-ɗaya, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta keɓe babi guda a kan masu shiga tsakani a ciniki, har da wakilin da ke nemo wa ɗan kasuwa masu saye ba tare da yana ma'aikacinsa ba. Ta amince da yarjejeniyar baka, ta ce ana iya tabbatar da ita ko da shaidu ne. Ta ce in ba a ambaci la'ada ba, a bi al'adar wannan fanni na kasuwa. Ta ce cinikin da aka ƙulla jim kaɗan bayan an rabu, in aikin wakilin ne musabbabinsa, yana da la'ada a ciki. Ta ce ba a sallamar wakilin dindindin haka kwatsam: sanarwar wata 1 a shekarar farko, wata 2 a ta biyu, wata 3 daga ta uku. Ta kuma yanka masa diyyar rabuwa, aƙalla la'adar wata 1 in ya cika shekara, ta wata 2 in ya cika biyu, ta wata 3 in ya cika uku, muddin ya nemi haƙƙinsa kafin shekara ta zagayo. Sai dai samari su lura da wannan: dokar ba ta ɗora wa mai kaya kuɗin mai da na waya ba, sai in an yi sharaɗin haka ko al'ada ta tabbatar. Kuma tana ɗaukar wakilin a matsayin ɗan kasuwa, wanda ya kamata a san da shi a rajista. Wanda ya ƙi fitowa fili don tsoron lanho, ya sani ya raunana ƙarar da zai kai gobe.

Akwai kuma wata dabara da ta yaɗu, wadda ya kamata masu binciken ƙwadago su sa wa ido. Sai ka ga an tara yara ashirin, an ba su riga da hula masu tambari, an ce su hallara ƙarfe takwas, an yanka wa kowa adadin da zai kawo kafin magariba, wanda ya gaza a kore shi, amma a takarda an rubuta cewa masu zaman kansu ne. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ba ta duba sunan da aka laƙaba wa mutum. Tana duba ko yana aiki ƙarƙashin umarni da ikon wani don a biya shi. Wanda ake gaya wa lokacin zuwa da na tashi da unguwar da zai bi, ma'aikaci ne, yana da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da rajistar CNSS. Ƙungiyoyin ƙwadagonmu, da suka girgiza ƙasar nan a farkon shekarun 1990, sun fi mai da hankali ga masu lambar albashi. Waɗannan yara da ke tsaye cikin rana a bakin kwalta ba su da mai magana da yawunsu.

Ƴan uwana ma'aikata, mu ma da namu kashin a gindi. Mu ne muke ce wa yaro wannan ai ba aiki ba ne, ya zauna ya jira a buɗe jarrabawa, har ya kai shekara 30 yana karɓar kuɗin sabulu wurin uwarsa. Mu ne in ya zo neman auren ɗiyarmu muke tambaya wane ofis yake, in ya ce talla yake yi a murtuke fuska, ko da kuwa abin da yake samu ya fi namu. Kuma in ƙaramin aikin buga takardu ko na sanarwa ya faɗo a ma'aikata, sau nawa yake wuce ɗan wa da ɗan ƙane? In ma bare ya samu, takardar biyansa sai ta kwana a tebur bakwai, kowane tebur yana jiran goro. Mun san zafin jiran albashi, mun ɗanɗana shi a shekarun 1990. Bai kamata a ce mu ne ke ɗora wa na baya irinsa ba.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa, da rassanta na jihohi, ta fitar da takardar yarjejeniya mai shafi guda, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, da boko da ajami, wadda za a cike gurabe kawai: wane kaya, wane yanki, kashi nawa, yaushe za a biya, wa ke ɗaukar kuɗin mai da na waya, kuma har tsawon wata nawa wakili zai ci gaba da cin la'ada a kan mai sayen da ya kawo. Wannan layi na ƙarshe shi ne zuciyar maganar. Kada wani ya ce rubutu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda su ma da talla suke rayuwa, su ba da fili a fassara wa jama'a wancan babi na OHADA. Ma'aikatar haraji ta bar ƙaramin ɗan talla ya yi rajista ya samu lambarsa ba tare da an tarye shi da bashin shekarun baya ba. Dokar 2010 ɗin nan ta riga ta tanadi matsayin ƙaramin mai sana'a wanda sanarwa kawai zai yi a kotu, ba da biyan kuɗi ba. Su kuma samarin su haɗa kansu gari-gari, su naɗa dattawansu kamar yadda dillalan kara suka yi, su riƙe sunayen masu cin la'adar mutane, su kuma riƙe na ƴan uwansu masu cin amanar ƴan kasuwa, domin in suka tsaya ga jeri ɗaya kaɗai ba wanda zai saurare su.

Ɗan ƙanwata bai bar sana'ar ba. Yanzu yana tallata wa wata hajiya mai sarrafa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kafin ya fara, ya zauna ya rubuta sharuɗɗansa a takardar makaranta, ya kai mata. Ta sa aka karanta mata sau biyu, ta rage kashin da ya nema, ta ƙara masa kuɗin mai, ta ce la'adar maimaici ta wata shida ce ba ta shekara ba. Ya yarda. Limamin unguwa da wani maƙwabci suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Wata na biyar ke nan, kuma ranar 5 ga kowane wata take kiran sa su yi lissafi.